Ƙayyade iyakokin ma'aunin launi a taswirar layukan daidaito: misali daga ruwan saman Nijar

1. Gabatarwa

Kafin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yaɗu a sassan jami'a, mai zanen taswirar ruwan sama shi yake zaɓar layukan da zai ja da hannunsa: na milimita 200, na 400, na 600, har zuwa kudancin ƙasa. Idan ya zana taswira ta biyu, waɗannan layukan dai zai sake ja, don kuwa ba shi da dalilin sauya su. A yau ƴan layukan umarni kaɗan sun isa su fito da taswira mai launi a cikin daƙiƙa guda. Sai dai idan mai bincike bai faɗa wa na'urar iyakokin da yake so ba, ita za ta zaɓa masa, kuma zaɓinta yana canzawa daga taswira zuwa taswira ba tare da ta yi masa gargaɗi ba.

Sakamakon haka ba ƙarami ba ne. Ana iya jera taswirar 1984, shekarar fari mai tsanani, kusa da ta 1994, shekarar da aka samu ruwa sosai, mai karatu ya ga launuka iri ɗaya a kudancin ƙasa, ya ɗauka cewa damunonin biyu ba su da wani bambanci. Alƙaluman daidai suke, lissafin ma daidai yake, amma hoton ya ɓatar da shi. Tamkar an auna hatsin gonaki biyu ne da tiya biyu, ƙarama da babba, sa'an nan aka faɗi yawan tiyoyi ba a faɗi girmansu ba.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda na'ura take mai da adadi launi, da hanyoyin da mai bincike zai bi ya riƙe iyakokin ma'aunin a hannunsa. Mun ɗauki manhajar Matplotlib ta harshen Python, wadda John Hunter ya fara fitarwa a 2003, domin ita ce ta fi yawa a hannun ɗalibai. A sashe na 10 za mu kawo umarnin da ya dace da wasu manhajojin.

2. Kalmomin aiki

Domin kauce wa ruɗani, ga ma'anar kalmomin da za mu riƙa amfani da su.

Layin daidaito shi ne layin da ya haɗa wuraren da adadinsu yake ɗaya. Idan na ruwan sama ne, da faransanci ana ce masa isohyète. Mataki shi ne adadin da aka ja layi a kansa, alal misali milimita 300. Zango shi ne filin da yake tsakanin matakai biyu masu bin juna, wanda ake cikewa da launi guda. Saboda haka matakai 11 suna ba da zanguna 10. Jerin launuka shi ne launukan da aka tsara bi da bi, daga na farko zuwa na ƙarshe. Sandar launi ita ce ƴar doguwar alama da ake sa wa a gefen taswira, mai nuna adadin da kowane launi yake wakilta. Iyakar ƙasa da iyakar sama kuwa su ne adadi biyu da aka ɗora a kan bakin jerin launukan, farkonsa da ƙarshensa.

Har wa yau, ya kamata a tuna cewa na'ura ba ta jan layi kai tsaye daga tashoshin awo. Sai an fara shimfiɗa alƙaluman a kan raga mai idanu daidai wa daida, ko dai ta hanyar ƙiyasi tsakanin tashoshi, ko ta amfani da bayanan da suka zo a shirye, irin su CHIRPS, wanda ya faro daga 1981 kuma kowane idon ragarsa digiri 0,05 ne, watau kimanin kilomita 5.

3. Yadda adadi yake zama launi

Aikin yana da hawa uku, kuma kowane hawa yana da umarninsa.

Hawa na farko shi ne zaɓen matakai. Idan aka kira umarnin contourf ba tare da an ba shi matakai ba, yakan dubi adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin ragar, ya raba tsakaninsu zuwa zanguna kamar takwas, yana neman tazara mai sauƙin karantawa.

Hawa na biyu shi ne mai da kowane adadi zuwa tsakanin 0 da 1. Lissafin ke nan: a cire iyakar ƙasa daga adadin, a raba abin da ya rage da tazarar da take tsakanin iyakokin biyu. Idan iyakokin 0 da 1000 ne, milimita 500 zai ba da 0,5. A taswira mai zanguna, tsakiyar kowane zango ake yi wa wannan lissafi.

Hawa na uku shi ne ɗauko launi daga jerin. Yawancin jerin launuka na Matplotlib suna da launi 256. 0 yana ɗauko na farko, 1 na ƙarshe, 0,5 na tsakiya.

Bari mu gwada da misali na ƙirƙira. Mu ɗauka a shekara mai ruwa alƙaluman ƙasar sun tashi daga milimita 20 zuwa 1100, a shekarar fari kuma daga 5 zuwa 590. A ta farko na'urar za ta ja matakai daga 0 zuwa 1200 da tazarar 150. A ta biyu daga 0 zuwa 640 da tazarar 80. Garin da ya samu milimita 500 a shekara mai ruwa zai faɗa zangon 450 zuwa 600. Tsakiyarsa 525, idan aka raba da 1200 a samu kimanin 0,44. Garin da ya samu milimita 500 a shekarar fari zai faɗa zangon 480 zuwa 560. Tsakiyarsa 520, idan aka raba da 640 a samu kimanin 0,81. Ruwa ɗaya ke nan da launi biyu. Haka kuma launi mafi duhu, wanda ido yake fassarawa da yalwar ruwa, zai bayyana a kudancin taswirorin biyu, alhali a ɗaya yana nufin fiye da milimita 1000, a ɗayar kuma bai kai 640 ba. Wani abin lura: layin milimita 300 yana cikin taswira ta farko, amma babu shi a ta biyu, inda sai 240 da 320.

4. Dalilin da ya sa iyakoki kaɗai ba su wadatar

Ɗalibai da yawa, da zarar sun gane matsalar, sai su ƙara vmin=0 da vmax=1200 a cikin umarnin, su zaci an gama. Ga umarnin imshow da pcolormesh, waɗanda suke shafa wa kowane idon raga launinsa kai tsaye, wannan ya isa. Ga contourf bai isa ba, saboda vmin da vmax hawa na biyu kawai suke taɓawa. Zaɓen matakai yana nan a hannun na'ura.

A misalinmu na shekarar fari, matakan za su ci gaba da zama 0, 80, 160, har 640. Abin da zai canza shi ne launukan za su fito daga rabin farko na jerin. Zangon 480 zuwa 560 zai ɗauki launin 0,43, kusa da 0,44 na ɗaya taswirar, wannan kuwa ci gaba ne. Amma layukan ba su zama ɗaya ba, kuma sandar launi za ta tsaya a 640, ba za ta kai 1200 ba. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa masu farawa kai: sun rubuta 1200, sanda ta ƙi nunawa.

Maganin shi ne a ba da matakan da hannu:

matakai = np.arange(0, 1001, 100)
zane = ax.contourf(lon, lat, ruwa, levels=matakai)
fig.colorbar(zane)

Da zarar an yi haka, iyakar ƙasa da ta sama sukan bi matakin farko da na ƙarshe, sandar launi kuma ta nuna dukan zangunan goma, har da waɗanda babu wurin da ya faɗa cikinsu a wannan shekara. A lura da 1001 da muka rubuta: umarnin arange ba ya haɗawa da adadin ƙarshe, don haka wanda ya rubuta 1000 zai samu matakai da suka tsaya a 900. Idan tazarar ba cikakken adadi ba ce, kamar 0,1, ya fi kyau a yi amfani da linspace, wanda ake gaya wa farko da ƙarshe da yawan matakai.

5. Abin da ya fita daga iyaka

Wanda ya ƙayyade matakai ya ɗauki wani nauyi: me za a yi da wurin da ya wuce matakin ƙarshe? A Matplotlib, idan ba a ce komai ba, ana barin wurin fari fat. Idan matakan sun tsaya a 1000, kuma a wata shekara yankin Gaya ya samu fiye da haka, to wurin da ya fi ko'ina ruwa a ƙasar zai fito kamar rami a taswira, mai karatu ya ɗauka babu awo a can.

Ana gyara wannan da extend="max", ko "min", ko "both". Sai a cike wurin da launi, a kuma ƙara ɗan tsini a bakin sandar launi, alamar cewa launin yana nufin «wannan adadi da abin da ya fi shi». Launin da na'ura take sa wa shi ne na ƙarshen jerin, wanda da ƙyar ake bambanta shi da na zangon ƙarshe. Idan wuce iyaka yana da muhimmanci ga binciken, a ba shi launi na daban ta hanyar with_extremes.

Ga ruwan sama, tsinin ƙasa ba shi da ma'ana, tun da ruwa ba ya kasa sifili. Idan aka ga fararen ramuka a arewa, wajen Bilma, galibi ɗaya daga cikin abubuwa biyu ne. Ko dai hanyar ƙiyasin da aka bi ta fitar da adadi ƙasa da sifili, kamar yadda ƙiyasi mai lanƙwasa yakan yi inda tashoshi suka yi nisa da juna. A nan sai a mai da waɗannan adadi sifili kafin zane, a kuma faɗi haka a cikin bayanin hanya. Ko kuma alamar rashin awo ce ta shigo: CHIRPS yana rubuta −9999 inda babu bayani. Idan ba a rufe wannan adadi ba, na'urar za ta ɗauke shi a matsayin ruwa, ta ja ma'aunin tun daga wajen −10000, ƙasar gaba ɗaya ta koma launi guda.

Taswira mai launi guda tana kuma iya fitowa daga kuskuren ma'auni. Bayanan ERA5 suna ba da ruwan sama da mita, zafi kuma da kelbin. Wanda ya ja matakai daga 0 zuwa 1000 bai ninka ruwan da 1000 ba, ko ya ja daga 20 zuwa 45 bai cire 273,15 daga zafin ba, zai samu ko dai launi ɗaya ko farar takarda. Saboda haka, kafin kowane zane, a buga adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma a duba su da ido.

6. Yadda ake zaɓen iyakoki da matakai

Babu iyaka guda da ta dace da kowace taswira. Tambayar da binciken yake yi ita take ƙayyade ta. Amma akwai ƙa'idoji uku da za su taimaka.

Ta farko: iyakokin su fito daga dukan shekarun da za a kwatanta, ba daga shekara ɗaya ba. A Nijar matsakaicin ruwan shekara yana tashi daga ƙasa da milimita 20 a Bilma, ya haura 100 kaɗan a Agadas, ya kai wajen 400 a Damagaram, 500 a Maraɗi, 550 a Yamai, har kimanin 800 a Gaya. Ma'aunin 0 zuwa 1000, da tsini a sama, yana ɗaukar kusan kowace shekara.

Ta biyu: kada adadi guda ya ja ragamar ma'aunin. Idan tasha ɗaya ta samu ruwa mai yawan gaske, ko aka yi kuskure wajen kwafe alƙalumanta, iyakar sama za ta tashi, sauran ƙasar ta matse a cikin launuka biyu ko uku. Wata dabara ita ce a yanke kashi 2 cikin 100 na ƙasa da kashi 2 cikin 100 na sama, a ɗauki iyakoki daga abin da ya rage; manhajar xarray tana yin haka idan aka rubuta robust=True. Sai dai wannan ma zaɓin na'ura ne, yana canzawa da shekara. A yi amfani da shi don samun haske, sa'an nan a zagaye adadin a rubuta shi da hannu.

Ta uku: matakan su faɗa kan adadin da yake da ma'ana ga manomi da makiyayi. Noman gero na damina yana fara wuya daga wajen milimita 300 zuwa 350, kuma a wannan ɓangare ne dokar 1961 ta shata iyakar arewa ta noma, domin bar wa makiyaya abin da yake sama da ita. Taswirar da ba ta da layi a wannan wuri ta rasa abin da mai karatu ya fi nema.

Wannan yakan kai mu ga matakai marasa tazara ɗaya, alal misali 0, 50, 100, 200, 300, 400, 600, 800, 1000. A nan wata matsala take ɓullowa. Tsakiyar zangunan uku na farko 25, 75 da 150 ne, watau 0,025 da 0,075 da 0,15 a kan jerin. Launukansu kusan ɗaya ne, hamada da gefenta su haɗe. Maganinsa BoundaryNorm, wanda yake raba jerin launukan daidai tsakanin zanguna ba tare da la'akari da faɗin kowanne ba:

matakai = [0, 50, 100, 200, 300, 400, 600, 800, 1000]
tsari = BoundaryNorm(matakai, 256)
zane = ax.contourf(lon, lat, ruwa, levels=matakai, norm=tsari)

Ga ruwan kwana guda ko na kwana goma, inda ƙananan adadi suka fi yawa manya kuma suka yi tsalle, wasu sukan koma ga ma'aunin logaritim, watau LogNorm. Amma sifili ba shi da logaritim, ga shi kuwa wuraren da ba a yi ruwa ba su suka fi yawa a irin wannan taswira. Ya fi sauƙi a rubuta matakai kamar 1, 2, 5, 10, 20, 50, 100, a bar abin da bai kai milimita 1 ba da launi mai haske na daban. Matakin 20 yana da amfani na musamman: bisa ƙa'idar da Sivakumar ya fitar a 1988, damina tana kamawa ne idan aka tara milimita 20 a cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, muddin ba a samu tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai a cikin kwana 30 masu biyowa ba.

7. Taswirar giɓi da rara

Sau da yawa abin da ake zanawa shi ne bambancin ruwan shekara da matsakaici: giɓi idan ya kasa, rara idan ya fi. Irin wannan taswira tana buƙatar jeri mai fuska biyu, ruwan ƙasa a gefen giɓi, tsanwa ko shuɗi a gefen rara, fari a tsakiya. Sharaɗinta guda ne: farin ya zauna a kan sifili.

Na'ura ba ta san da wannan sharaɗi ba. Idan alƙaluman sun tashi daga −300 zuwa +100, za ta ɗora farin a tsakiyar tazarar, watau −100. Garin da ya yi giɓin milimita 50 sai ya fito da ɗan tsanwa, launin rara. Wannan kuskure ya fi na sashe na 3 muni, don ya juya ma'anar gaba ɗaya.

Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki adadi mafi girma ba tare da duban alamarsa ba, a nan 300, a ja matakai daga −300 zuwa +300. Da tazarar 50 za a samu matakai 13 da zanguna 12, sifili yana kan layi. Wanda yake son zango na musamman ga wuraren da ba su yi nisa da matsakaici ba, sai ya ja −25 da +25 a madadin sifili. Gaskiya ne cewa wani ɓangare na sandar zai zauna ba aiki, amma wannan ma bayani ne: yana nuna cewa giɓin ya fi rarar girma.

Akwai kuma TwoSlopeNorm, wanda yake riƙe farin a kan sifili, ya miƙa kowane gefe har ƙarshen jerinsa. Da shi +100 zai yi duhu daidai da −300. Ya kamata a yi hattara da shi, don ido yakan auna girma da duhu.

Abubuwa biyu suka rage. Giɓin milimita 100 a Gaya kashi ɗaya cikin takwas ne na ruwan shekara, a Agadas kuwa kusan dukansa ne. Don haka wani lokaci ya fi dacewa a zana kaso cikin 100. To amma inda matsakaici milimita 10 ne, ruwan milimita 30 zai ba da kashi 300 cikin 100, ya janye ma'aunin. Sai a rufe yankin da matsakaicinsa bai kai, alal misali, milimita 100 ba. Na biyu, sifilin kansa zaɓi ne. Matsakaicin 1961 zuwa 1990 ya ƙunshi farin 1972–1973 da na 1983–1984, bai kuma yi daidai da na 1991 zuwa 2020 ba. Dole a rubuta shekarun matsakaicin a ƙarƙashin taswira.

8. Taswirori da yawa a shafi guda

Idan za a jera watanni huɗu na damina, Yuni zuwa Satumba, ko shekaru shida, a rubuta matakan sau ɗaya a saman shirin, a ba kowace taswira su, a kuma ja sanda guda ga dukansu:

fig.colorbar(zane, ax=dukan_taswirori)

Haɗarin da yake nan shi ne sandar tana ɗaukar launukanta daga zane guda kawai, galibi na ƙarshe. Idan ba a ƙayyade matakai ba, sandar za ta yi daidai da taswira ta ƙarshe, ta yi ƙarya a kan sauran, kuma babu alamar da za ta tona hakan. Mai duba kundin ɗalibi, idan ya ga sanda guda a gefen taswirori da yawa, yana da haƙƙin ya nemi ganin layin da aka rubuta matakan. Haka abin yake ga hoto mai motsi: in ba a ƙayyade ma'auni ba, launuka za su riƙa tsalle daga kwana zuwa kwana ba don yanayi ya canza ba.

Akwai lokacin da ma'auni guda ba ya dacewa. Ruwan Mayu kaɗan ne idan aka kwatanta da na Agusta, kuma a ma'auni guda taswirar Mayu za ta shafe. Idan tambayar ita ce yaya ruwa yake ƙaruwa daga wata zuwa wata, ma'auni guda ne daidai. Idan kuwa tambayar ita ce ina ruwa ya fara sauka a Mayu, to kowace taswira ta samu sandarta, a kuma rubuta a fili cewa ma'aunan sun bambanta.

9. Launuka da bugu a baƙi da fari

Iyakoki masu kyau ba za su yi amfani ba idan jerin launukan ya ɓata su. Jerin bakan gizo, wanda ake kira jet, shi Matplotlib take sakawa da kanta har zuwa fitowarta ta 2.0 a 2017, lokacin da viridis ya maye gurbinsa. Aibin bakan gizo shi ne haskensa ba ya tafiya gaba ɗaya: bakinsa biyu, shuɗi da ja, duka masu duhu ne, tsakiyarsa kuma mai haske. Idan aka kwafe shafin a baƙi da fari, kamar yadda ake yi wa yawancin kundayen ɗalibai, hamada da yankin da ya fi ruwa za su fito baƙi iri ɗaya. Ban da haka, akwai mutane, galibi maza, da ba sa bambanta ja da tsanwa.

Don haka ga adadi mai hawa daga kaɗan zuwa mai yawa a ɗauki jerin da haskensa yake tafiya hanya guda. Kada zanguna su yi yawa: tsarin ColorBrewer na Cynthia Brewer ya tsaya a launi 9 ga jeri mai fuska ɗaya, 11 ga mai fuska biyu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kimar ce kawai launi yake bayarwa. Inda ake son adadi sosai, a ɗora baƙaƙen layuka a kan launin da umarnin contour, a rubuta adadinsu da clabel, musamman layin 300 ko na sifili. Jeri mai fuska biyu ba ya tsira a baƙi da fari ko kaɗan. A nan sai a ja layukan giɓi a tsinke, na rara a miƙe.

10. Umarni a wasu manhajoji

Rabuwar nan tsakanin matakai da iyakoki tana nan a kusan kowace manhaja. A MATLAB ana ba contourf jerin matakai, iyakokin launi kuma da caxis, wanda aka sauya wa suna zuwa clim a 2022. A R, umarnin filled.contour yana karɓar levels da zlim. A GrADS ana rubuta set clevs ga matakai da set ccols ga launuka, kuma launukan su fi matakan da ɗaya, don a can ana lissafa zangon ƙasa da na sama. A tuna cewa sai an sake rubuta su kafin kowane sabon zane. A GMT umarnin makecpt -T0/1000/100 yana shirya ma'auni daga 0 zuwa 1000 da tazarar 100, a ajiye shi a yi ta amfani da shi. A gnuplot kuwa set cbrange ne. Masu tsofaffin shirye-shirye na NCL, wanda aka daina faɗaɗawa tun 2019, za su sami abin a cnLevelSelectionMode.

11. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba malamai da ɗalibai shawarar su duba abubuwa shida kafin taswira ta shiga kundi ko rahoto. An buga adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma, an tabbatar da ma'auninsu, an rufe alamar rashin awo? An rubuta matakan da hannu? An faɗi abin da ya faru da wuraren da suka wuce iyaka? Idan taswirar giɓi da rara ce, farin yana kan sifili, kuma an ambaci shekarun matsakaici? Taswirorin da ake kwatantawa suna da matakai iri ɗaya? Shafin yana karantuwa bayan an kwafe shi a baƙi da fari?

Zai kuma yi kyau kowane sashe ya amince da matakai guda na ruwan shekara, na wata da na kwana goma, ya ajiye su a wuri guda da kowane ɗalibi zai ɗauka. Da haka taswirar da aka zana a Damagaram za ta iya zama kusa da wadda aka zana a Tawa ko Maraɗi, mai karatu ya kwatanta su ba tare da ya sake lissafi ba.